Yadda Ake Haɗa Rediyon Oba-Oba da Batirin Mota Ba Tare da An Rasa Makulli Ba

TAƘAITACCEN BAYANI

Ana sanar da duk wanda abin ya shafa cewa Ƙungiyar Manoma ta Mu Tashi Tare, da ke Mugulbu a ƙasar Mubi, tana da mota guda ɗaya, a-kori-kura, da direba guda ɗaya, Malam Sajo, wanda yake auren ƙanwata Hapsatu. A daminar bara motar ta kafe a yashin wani mayo, wato rafi, a wurin da wayar hannu ba ta da sabis. Direban bai aika kowa neman agaji ba, domin a gidansu ba a koya masa faɗin yana cikin matsala ba. Ya zauna a gindin tsamiya yana jiran Allah ya kawo mai wucewa, har irin gyaɗar da ya ɗauko ya fara tunanin tsira a cikin buhu.

Bayan haka kwamiti ya zauna ƙarƙashin shugabarmu, Madam Miriyamu, ya yanke hukunci biyu. Na farko, a sayi rediyon oba-oba guda biyu, a girka ɗaya a siton ƙungiya, ɗaya a cikin mota. Na biyu, duk ranar da motar ta sake yin shiru a hanya ba a san inda take ba, za a karɓi makulli daga hannun Sajo a miƙa wa Derrick, wani matashi mai sabon lasin wanda ya daɗe yana auna kujerar direba da ido. Hapsatu ta aiko mini da saƙo cewa da alawus ɗin motar nan ake cefane a gidanta, kuma idan aka dawo mata da mijinta ya wuni a tsakar gida, gidana za ta komo.

Ni ne magatakardan ƙungiya, tsohon akawu mai ritaya, kuma ni aka ɗora wa kula da haɗa rediyon motar, bisa hujjar cewa littafin bayaninsa da Turanci aka rubuta shi.

Ya kai mai karatu, idan ka bi matakan nan bi da bi, ina ba ka tabbacin motarka ba za ta kama wuta ba, rediyonka zai yi magana, kuma za a ji muryarka har bayan dutse. Wannan alkawari ne na mutumin da ya yi shekaru yana buga hatimi.

Mataki na 1: Ka nemo batirinka

Littafin bayani ya ɗauka cewa batir a cikin mota yake kwana. Wanda ya rubuta shi bai taɓa zama a unguwarmu ba. A Mubi batir mai lafiya dukiyar jama'a ce. Da safe yakan tayar da motar mai shi, sannan a ciro shi a kai wa maƙwabci ya tayar da tasa, da rana ya leƙa shagon aski, ranar ƙwallo kuma shi yake riƙe talabijin idan an ɗauke wuta.

Ka ɗaga bonet ka duba. Idan ka tarar da wayoyi biyu suna lilo a kan fili, kada ka yi kururuwar ɓarawo. Ka tuna wanda ya gaishe ka da fara'a fiye da kima jiya.

Namu yana wurin Ishiyaku mai tasi, maƙwabcin Sajo. Kada ka ce masa ya ba ka batirinka, wannan maganar masu karɓar haraji ce. Ka je ka zauna a tabarmarsa, ka tambayi iyali, ka yi zancen ruwan bana da tsadar fetur, sannan ka dubi sama ka ce da ma yau ka so ka ɗan taɓa motar nan. Haka Sajo ya yi, har aka kawo shayi aka sha. Ishiyaku ya rantse cewa yanzun nan yake shirin kawowa, ya ciro shi daga tasinsa.

Idan ya dawo hannunka, ka karanta jikinsa. Irin wannan rediyo wutar sha biyu yake ci. Idan taka babbar mota ce mai batir biyu a jere, ashirin da huɗu ke nan, kuma rediyo zai ci sau ɗaya ne ya ƙoshi har abada.

Mataki na 2: Ka saurari shawara, ka bar ta inda ka ji ta

Buɗaɗɗen bonet shela ne. Kafin ka ɗauko sifana, masana sun kewaye ka.

Wani zai ce ka cusa wayar a ramin kunna taba. Wani zai ce ka fere wayar ham, wato odar mota, ka jona a can, haka wansa ya yi a Yola. Wani ba shi da shawara, amma ya zo ne ya shaida. Ka ce wa kowannensu gaskiya ne, ka gyaɗa kai, ka gode.

Dalilin ƙin bin su shi ne, a lokacin da kake magana rediyon yana jan wuta kamar manyan fitilun gaba, waɗancan wayoyi kuwa sirara ne, an yi su domin ƙaramin aiki. Siririyar waya idan aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta ba ta rubuta takardar koke. Zafi take yi, sannan hayaƙi. Saboda haka wayar rediyo kai tsaye take zuwa kan batir. A ofis mun san wannan tun da daɗewa: takardar da ta bi ta hannun masinja da mai gadi da abokin mai gadi ba ta isa teburin oga da ranta.

Derrick yana cikin waɗanda suka zo shaida. Ya harɗe hannu ya jingina da ƙofa, lokaci lokaci yana cewa, “Baba Direba, ka tabbata?” Sajo yana ce masa Allah ya yi albarka.

Mataki na 3: Ka tuɓe girma, ka fara da baƙi

Ka cire babbar riga. Ka cire agogo da zobe. Mai taba ya matsa can nesa, domin batir yana fitar da iskar da ba ta shiri da wuta. Ka kashe inji ka zare makulli.

Batir yana da kai biyu, ja da baƙi. Baƙin a haɗe yake da jikin motar gaba ɗaya, don haka duk ƙarfen da ka taɓa a motar nan ɗan gidan baƙi ne. Idan sifana ta taɓa ja ta taɓa jikin mota a lokaci guda, za ka ga walƙiya da rana tsaka. Maganin wannan shi ne ka fara kwance baƙi ka kawar da shi gefe. Idan an gama aiki, shi ne na ƙarshen mayarwa. Tsarin gwamnati ke nan: ƙarami ake fara sallama, shi ne kuma na ƙarshen dawowa.

Na karanta wa Sajo wannan a bayyane. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce shi dai a ganinsa ja ne babba, ga alamar ƙari a kansa, kuma ba a tsallake babba a fara da ƙarami. Zoben kuwa na azurfa ne, na marigayi mahaifinsa, ba ya fita. Ya ɗora sifana a kan ja. Masana suka watse a guje, ɗaya ya bar takalminsa.

Da hayaƙin ya lafa na tambaye shi hannunsa. Ya sa shi a aljihu ya ce ba komai. Warin fatar da ta sha wuta yana tashi har inda nake tsaye, amma tun da mai hannu ya ce ba komai, ba ni da hurumin rubuta wani abu daban.

Mataki na 4: Ka sayi waya mai kauri, launi biyu

Kaurin tagullar da ke ciki ya kai na tsinken tsire. Kada ka duba kaurin robar waje, akwai wayar da duk jikinta riga ce. Kada kuma ta yi tsawon da za ka naɗe ragowar a ƙarƙashin kujera.

Ɗaya ja, ɗaya baƙa. Ja ta rediyo zuwa jan kan batir, baƙa zuwa baƙi. Mai shago zai ce ja ta ƙare amma ai duk waya waya ce, wuta ba ta ganin launi. Gaskiya ya faɗa, wuta ba ta gani. Kai ne kake buƙatar gani. Mu baƙa biyu muka samu, sai Hapsatu ta yago jan ƙyalle daga tsohon zane aka ɗaura wa ɗaya a bakinta. Ina ba ka shawara ka zagaya kasuwa har ka sami ja ta gaskiya, za ka ji dalili.

A bakin kowace waya ka matse ɗan zoben ƙarfe da filaya, ka ɗaure shi da noti a kan batir. Kada ka murɗa tsirarar waya ka soka ta da ƙusa, ko da an ce maka haka ake yi tun zamanin kakanni. A zamanin kakanni jaki ake hawa.

Mataki na 5: Ka ɗauki fis aiki

Fis ƙaramin ma'aikaci ne da ake ɗauka musamman domin a kore shi. Idan wuta ta yi yawa shi yake ƙonewa, manya su tsira. Duk ofishin da ba shi da irin wannan ma'aikaci, ranar da abu ya ɓaci oga ne yake tafiya.

Ka sa shi a kan jar waya, kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Idan ka kai shi can kusa da rediyo, duk tsawon wayar da ke bayansa ba ta da mai gadi. Tun da baƙar ma kan batir ka kai ta, ita ma ka ba ta nata. Girmansa yana rubuce a littafin rediyon, kada ka ƙara masa matsayi. Ka sayi ƙarin wasu ka ajiye a aljihun mota.

Washegarin da muka gama wannan mataki, Ishiyaku ya zo aro kamar kullum, kuma Sajo ya ba shi kamar kullum. Da ya dawo da batirin, saboda kirki, ya ce ba zai wahalar da kowa ba, shi zai mayar da kansa. Ya ga wani jan ƙyalle yana lilo, ya kwance ya goge hannunsa da shi. Sannan ya dubi baƙaƙen wayoyi biyu, ya yi bisimilla, ya raba musu gida yadda ransa ya ba shi. Fis ya yi ƙara ɗaya ya bar aiki. Rediyo ya tsira.

Ishiyaku ya ce wannan ƙaramin abu ne, a ba shi takardar kwalin taba mai ƙyalli ya naɗe fis ɗin, tasinsa duk haka take. Sajo ya fara cewa to. Daga bayan katanga aka ji muryar Hapsatu.

“Malam Ishiyaku, in za ka naɗe, ka fara tura motar ƙofar gidanka. Ni ina da yara a ciki.”

Aka sa sabon fis. Ka lura da wannan: fis ɗin da aka naɗe ya daina ƙonewa, kuma a ranar da ya daina, mota ce take karɓar aikinsa.

Mataki na 6: Ka nema wa waya hanya

Tsakanin inji da mazaunin direba akwai bangon ƙarfe. Ka nemi ramin da wayoyin mota suke bi, mai roba a bakinsa, ka bi da taka ta nan. Idan sabon rami ka huda, ka sa masa roba. Bakin ƙarfe wuƙa ne mai haƙuri, kuma hanyar Mugulbu za ta taya shi yanka.

Ka nisanta ta daga salansa da duk abin da yake zafi ko yake juyawa. Ka ɗaure ta a jikin mota kada ta yi lilo. A ciki kuma kada ta bi ta ƙarƙashin birki. Kada ka bi da ita ta bakin ƙofa, ko da ya fi sauƙi.

Shi kansa rediyon ka ɗaure shi da noti inda zai sha iska. Kada ka ajiye shi a kujerar gaba. Kujerar gaba ta duk dattijon da ka tarar a hanya ce, kuma zai zauna ne bai duba ba.

Mataki na 7: Eriya da takarda

Kada ka danna abin magana kafin ka ɗaura eriya. Maganar da ba ta sami hanyar fita ba cikin rediyon take komawa ta ƙona shi, kamar yadda take yi wa mutane.

Ka kuma nemi izinin hukuma, ka riƙe takardar a mota. A ƙasar nan doguwar eriya tana jawo doguwar tambaya a shinge.

Mataki na 8: Ka gwada

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka mayar da ja, ka mayar da baƙi, ka tayar da inji, ka kunna rediyo. Ka yi magana kaɗan, sannan ka shafa wayar da hannu. Idan ta yi ɗumi sosai, kashe ka sake duba kaurinta da ɗaurinta.

Abu biyu za ka haddace. Tun da kai tsaye ka haɗa, zare makulli ba ya kashe rediyo, da hannunka za ka kashe shi. Sannan idan maganar mai tsawo ce, ka bar inji yana aiki, domin batir yana bayarwa ne ba a mayar masa, balle irin namu da ya yi wa unguwa hidima har ya tsufa kafin lokacinsa.

Mun gwada daga ƙofar gidan Sajo. Muryar Madam Miriyamu ta fito daga sito tar, kamar tana zaune a bayan mota. Ta ce masa wannan abu ba don ado aka saya ba, idan matsala ta zo ya danna ya faɗa. Sajo ya ce in sha Allahu ba za ta zo ba. Na rubuta cewa aikin haɗawa ya kammala cikin nasara, kuma har gobe ina kan wannan magana.

Mataki na 9: Ka faɗi abin da ya sa ka danna

Wannan mataki babu shi a littafin Turanci. Ni na ƙara shi.

Ranar rabon takin zamani mambobi suka cika sito suna jiran mota daga Mubi. A garinmu ko ɗigo bai sauka ba, amma can kan duwatsu, wajen iyaka, an yi ruwa mai yawa. Sajo ya shiga mayo yana ganin yashi, ƙafafun baya suka nutse. Ya kashe inji, domin fetur ba daga rijiya ake ɗebo shi ba. A nan dole a yi masa adalci: ya yi abin da bai yi bara ba. Ya ɗauki abin magana ya kira.

Madam tana waje tana raba gardamar layi. Wanda ya fi kusa da rediyo shi ne Baba Jatau, dattijon da ya girmi kowa a ƙungiya, wanda bai taɓa magana a irin wannan akwati ba. Na nuna masa inda ake dannawa. Ya gyara hularsa.

“Sajo, kai ne a cikin abin nan?”

“Ni ne, Baba. Barka da rana.”

“Barka kadai. Yaya hanya?”

“Lafiya lau, Baba. Alhamdu lillahi.”

Baba Jatau ya tambayi Hapsatu, ya tambayi yara da sunayensu, ya tambayi gwiwar mahaifiyar Sajo da ke Gude, ya tambayi saniyar da ta yi ɓari. Sajo ya amsa kowace, ya kuma mayar da kowace, domin ba a karɓar gaisuwa a riƙe. Jama'a suka ji cewa ana gaisawa da direba ta cikin akwati kuma kyauta ne, sai layin taki ya koma layin rediyo. Don gudun hayaniya na tsara su bisa shekaru. Da aka zo kan Fulanin cikinmu aka juya harshe, gaisuwarsu kuwa kowa ya san ba ta da birki. Jam na, jam. Gida jam, shanu jam, gajiya jam. A wannan lokaci, kamar yadda muka ji daga baya, ruwa ya iso ya fara lasar tayoyi.

Derrick, wanda shekarunsa suka ajiye shi a ƙarshen layi, ya ce don Allah wani ya tambaye shi yana ina. Aka ce masa manya suna magana.

Madam ta shigo ta karɓi abin magana. Ta tambaye shi ko komai lafiya. Muka ji ya ce, “Lafiya lau, Madam. Sai dai…” Daidai nan Alhaji Mahmoud, mai sayen gyaɗarmu, ya yi sallama, kuma ba a barin babban baƙo a tsaye. Aka miƙa masa, ya danna. Ka sani, irin wannan rediyo ba ya ji yana magana. Abin da ya biyo bayan sai dai, mayo ne kaɗai ya ji shi.

Muryar Sajo ta fara sirancewa, tana yankewa, yana amsa lafiya ana jin rabinta. Can ta ɗauke. Wata tsohuwa ta ce bawan Allah ya gaji. Madam ta dubi akwatin, ta dubi layin, ta ce wa Derrick ya nemi abin hawa ya bi hanya.

Abin da Derrick ya tarar shi ne ruwa ya kai gindin ƙofar mota, makulli yana juyawa inji ba ya ko tari. Sajo ya kwashe buhunan sama ɗaya bayan ɗaya a kansa ya kai gaɓa, shi kaɗai, da hannun nan da ya ce ba komai. Na ƙasan sun narke sun tafi yi wa gonakin wasu amfani. Wani manomi da ke huɗa a kusa ya hango, kuma da yake shi ba a roƙe shi ba babu abin kunya, ya kwanto shanunsa. Su suka jawo motar waje, su suka ci gaba da janta a kan tudu tana giya ta biyu har inji ya kama.

Saboda haka, ya kai mai karatu: idan ka danna, ka faɗi inda kake da abin da ya same ka tun batir yana da rai. Gaisuwa ba ta lalacewa don an jinkirta ta. Taki yana lalacewa.

Mataki na 10: Ka halarci zaman kwamiti da makulli a hannu

Kada ka jira a nema. Sajo ya shigo da wankakkiyar riga, ya ajiye makullin a kan tebur da kansa, ya koma bakin ƙofa ya zauna a ƙasa. Na karanta hukuncin bara kamar yadda yake: mota ta yi shiru, ba a san inda take ba. Babu wanda ya musa. Hapsatu tana waje, ta ce ba shiga za ta yi ba, inuwa take sha.

Madam ta tambaye shi me ya hana shi faɗa tun farko.

“Madam, Baba yana tambayar ƙafar mahaifiyata. In ce masa ya dakata?”

Aka juya ga Baba Jatau. Ya ce tsakani da Allah da yaron nan ya katse shi, da ya ji zafi, kuma da ya faɗa wa mutane.

Madam ta ce duk wanda ya riƙe abin magana a ranar ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi a hankali, har da na ma'aji, har da nata, har da na magatakarda. Derrick ne kaɗai hannunsa yake kan gwiwa.

“To,” in ji ta, “mota bai yi shiru ba. Mu ne mun cika shi da surutu har ya mutu. Amma kai ma, Malam Sajo, bakinka ba zai iya wannan aiki ba. Ko mun saya maka batir goma, gaisuwa za ka yi da su.”

Ta tura masa makullin. Sitiyari nasa ne, domin wanda ya kwashe taki a kansa cikin ruwa ba a raba shi da mota. Abin magana kuwa an haramta masa taɓawa. Derrick zai riƙa zama a gefensa duk tafiya, shi ne bakin mota, kuma za a yanka masa wani abu daga alawus ɗin direba. Batir ba zai sake fita aro ba, an sa masa ƙarfe da kwaɗo, ɗan makullin yana hannun Hapsatu, domin ita ta iya cewa a'a.

Tsarin yana aiki. Kafin damina ta fita motar ta sake kafewa, muka ji muryar Derrick babu ko sallama: “Mota ya kafe, mayo na biyu, a kawo shanu, oba.” Baba Jatau ya karɓa ya fara tambayar gida, aka ce masa an kashe. Shanu suka je, taki ya iso a bushe.

Sajo yana zaune a gefe duk lokacin da ake wannan, yana kallon gaba, kunnuwansa suna zafi. Duk ranar Juma'a bayan an sauko yakan bi gidajen dattawan da aka katse ɗaya bayan ɗaya, ya ba da haƙuri a madadin yaron, ya ƙarasa gaisuwar daga inda aka tsaya. Na ce masa kwamiti bai ɗora masa wannan ba. Ya ce zumunta a ƙafa take.

SANARWA

Marubucin wannan jagora akawu ne, bai taɓa riƙe sifana da niyyar aiki ba. Tabbacin da ya bayar a farko ya shafi waya da fis da batir kaɗai. Babu ruwansa da abin da ya shafi maƙwabta, surukai, dattawa, ko tarbiyyar da iyayenka suka yi maka. Duk wanda motarsa ta kama wuta, ya tsallake mataki ne. Duk wanda bai tsallake ba kuma ta kama, ya nemi mai gyaran wayarin, kada ya nemi gidana.

Abin da aikin ya ci, ban da kuɗi, wanda yake sashen ma'aji:

Fis, guda ɗaya.
Sifana mai tabon wuta, guda ɗaya, tana nan tana aiki.
Fatar yatsa, ta warke. Zoben ya yi baƙi ta gefe ɗaya.
Tsohon zane na Hapsatu.
Takin zamani, layin ƙasa gaba ɗaya.
Dusa da gishiri, ladan shanu biyu.
Shayin Ishiyaku, wanda ya daina aikowa.
Rabin kujerar gaba, da wani yanki na alawus.
Takalmin Sajo, ƙafa biyu, an sake masa ƙasa sau ɗaya.